Gwadabe Barunje da Sheƙar Angulu

Gwadabe bai zaɓi fawa ba, a cikinta ya buɗe ido. Ubansa barunje ne, kakansa barunje ne, kuma a Tungar Gawo, wani ɗan gari da ke gefen hanyar da ta tashi daga Gwashi ta nufi Adabka, in aka ce gidan rundawa to gidansu ake nufi. Da safe yana mahauta yana fiɗa. Da la'asar yana bakin kasuwa, a rumfar da ya gada wurin ubansa kusa da tashar babura, yana juya tsire a tukuba. Mutum ne mai ƙarancin magana, gajere, mai kaurin damtse. In ka yi masa ciniki mai tsawo sai ya ci gaba da barbaɗa yaji kamar ba da shi kake ba.

Lokacin da yake tasowa, mahautar garin ba ta san wari ba. Tun kafin a kayar da sa angulaye sun jeru a kan katanga, sun sunkuyar da wuya suna jira. Ana gama fiɗa a zubar da kayan tumbi, a watsa musu ƙeƙasassun jijiyoyi da guntayen fata, kafin azahar wurin ya koma tas kamar an share. Ubansa yakan ce da yaran mahauta, “Ku ba ma'aikata nasu,” kuma da gaske yake yi. Duk wanda ya jefi angulu da dutse a gabansa sai ya sha mari, ko ɗan wane ne.

Ba wanda zai ce ga ranar da suka tafi. Raguwa suka yi ta yi. Wasu baƙi suka fara zuwa da buhuna suna tambayar kan angulu, da ƙafa, da ƙwai. Da haƙar zinari ta buɗe a wajen Anka sai abin ya ƙaru, don an ce wa masu shiga rami wai kan angulu na jawo sa'a. Wata shekara aka tarar da mushen jaki a bayan gari an barbaɗa masa guba, tsuntsaye zube kewaye da shi, duk an sare kawunan. Daga nan katanga ta zama fayau.

Sai wari ya zo, da ƙudaje, da karnukan da ba su da iyayen gida. Matan unguwar bayan kasuwa suka kai ƙara wurin hakimi, hakimi ya ce rundawa su riƙa haƙa rami suna binne ƙazantarsu. Haka Gwadabe, yana da furfura a gemu, ya koma riƙon diga bayan ya gama riƙon wuƙa. Bayansa ya fara ciwo tun daga lokacin.

Da sanyin shekarar 2017 ya je gonarsa ɗaukar karan dawa. A tsakiyar gonar akwai wani tsohon madaci, dogo, wanda mutum biyu ba za su haɗa hannu a gindinsa ba. Ya ga farin kashi a ƙasa ya ɓata ganye. Ya ɗaga kai. Can sama, inda manyan rassa suka rabu, ga tarin ƙirare, ga wani wuya tsirara ya leƙo yana kallonsa. Ɗayan kuma yana reshen gefe yana gyara fiffike.

Gwadabe ya ajiye damin karan ya zauna a kai. Ya daɗe a zaune.

Bai gaya wa kowa ba, ko matarsa Tasalla. Kullum in an tashi daga mahauta sai ya ƙulle 'yan guntaye a leda, ya ce zai leƙa gona, ya watsa musu a bakin kunya ya juyo.

Sai dai akwai matsala guda, kuma tun ranar rabon gado take kwance. Gonar tasa ce, amma madacin ba nasa ba ne. Da malamai suka raba abin da ubansu ya bari, ƙasa ta faɗo wa Gwadabe, icen ya faɗo wa yayarsa Atine. A wajen nan ba baƙon abu ba ne, ka noma ƙasarka a ƙarƙashin icen wani. Shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya tuna da zancen, sai masu neman saƙesaƙin madaci don ciwon ciki. To a cikin makon nan ne Tasalla, tana tankaɗe, ta ce masa ta ji Yaya Atine ta yi magana da masu injin yankan katako, da zarar sun gama aikin da suke yi a Gwashi za su zo.

Ya tarar da Atine a tsakar gida tana sheƙar gero. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune da ɗanta da matarsa.

“Autan Inna,” in ji ta, ba ta ko ɗago ba. “Mi yak kawo ka da rana tsaka? Ko naman ya ƙi saye?”

“Yaya, an ce kin ba masu inji madaci.”

“Ba an ce ba, ni nic ce. Iccena na.”

“Akwai angulu bisa.”

“Akwai mi?”

“Angulu. Biyu. Sun yi sheƙa, macen ta kwanta.”

Atine ta ajiye ƙwaryar ta dube shi tun daga hula har takalmi.

“To in tai in yi musu barka? In dama musu kunun kanwa?”

“Yaya, ba wasa nika yi ba. Rabon garin ga da su kin sani.”

“Juya ka diba ɗakin can.”

Bai buƙaci juyawa ba. Ya san ɗakin. Ruwan Agusta ya rufta da rufinsa, bango huɗu ne kawai a tsaye, kaji na kwana a ciki.

“Tun damana nika kwana ɗakin girkin surukata,” in ji ta, “ni da tukwane. In na yi tari sai ta ji. Mutanen ga sun ce su ɗauki gindi, su ba ni katako da kwano in ruhe ɗakina. Ran da anka raba gado kai kac ci ƙasa, kana ta cin dawa. Ni anka ce ga icce, in sha inuwa. To na sha, ta ishe ni.”

Gwadabe ya miƙe. Ya yi mata sallama ya fito.

Ran kasuwa Halilu ya zo. Halilu malamin daji ne, kuma ɗan kawunsu ne, wato taubashinsu, don haka tsakaninsa da Gwadabe babu gaisuwa sai tsiya. Kakinsa ya koɗe har ba a sanin asalin launinsa. Da can yakan ratsa gandun daji da babur, ya kama masu sare ɗanyen ice da masu cinna wuta. Tun da 'yan bindiga suka kafa sansani a ciki, aikinsa ya dawo bakin kasuwa, wurin masu gawayi da masu itacen girki.

“Barunje, mai ƙamshin tumbi! Zaɓo min mai kitse.”

“Malamin dajin da ba shi shiga daji. Zamna, magana gare ni.”

Halilu ya zauna a benci ya kama tsinke. Gwadabe ya rage murya ya gaya masa komai, da sheƙar, da masu injin. Halilu ya daina tauna.

“Ka tabbata? Ba shaho ba?”

“Ni za ka koya ma angulu?”

“To wallahi abin ga babba na. Bara anka kai mu bita kan shi. Ƙasag ga ta sa hannu da sauran ƙasashen duniya cewa za ta tsare dabbobi da tsuntsayen da ka shirin ƙarewa. Akwai doka ta tarayya, an ma sabunta ta, an ƙara mata nauyi. Wanda yak kama angulu, ko yak kashe, ko yas saida ko da gashi nai, hukunci na. Kuma sun ce muna, tsaron tsuntsu ba shi da amfani in an bari an sare inda shika haihuwa. Wajibi na a tsare.”

“Wajibin wa?”

“Gwamnati mana.”

“Wace ta gwamnati nan Tungar Gawo?”

Halilu ya dubi dama, masu gawayi ne. Ya dubi hagu, 'yan acaɓa ne suna musun ƙwallo. Ya haɗiye naman da ke bakinsa.

“Ni na.”

“To gwamnati, gama cin naman mu tai.”

A babur ɗin Gwadabe suka je, don na Halilu ya daɗe a jingine babu taya. Halilu ya tsaya a ƙarƙashin madacin ya karkace wuya har hularsa ta faɗi. Da ya ga wuyan nan ya leƙo sai ya yi salati a hankali. Ya ce abin da yake hannunsa biyu ne. Na farko, ba a sare madaci sai da izininsa, kuma ba zai bayar ba. Na biyu, zai shafa wa icen jan fenti, alamar da duk mai inji ya sani. Fentin ma babu shi, sai da Gwadabe ya roƙo ragowar gwangwani wurin mai gyaran babura. Halilu ya zagaye gindin da jan zobe, da tsinken kara a madadin buroshi.

“Amma ka san halin garin ga,” in ji shi yana goge hannu da ganye. “Ana iya kankare fenti a ce ba a gani ba. Doka ba ta shigo nan ba sai hakimi ya sa an yi shela kowa ya ji da kunne nai.”

Hakimi bai yi gardama ba. Shi ma ya gaji da ƙarar wari. Abin da ya ce kawai shi ne mai shelarsa ya bi samari ramin zinari, su nemo wanda zai yi. Gwadabe ya ce wannan mai sauƙi ne, ga Makau.

Makau makaɗin rundawa ne. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya: in an kayar da sa mai kitse, ya rataya kalangu ya zaga gari yana gaya wa jama'a irin naman da aka samu da inda za su same shi. Muryarsa na kai wa bayan gari. Bai taɓa yin shelar da ba ta kira mutane su zo ba.

Halilu ya zaunar da shi ya karanta masa abin da zai faɗa: doka ta hana kama angulu, ta hana saye da sayarwa, ta hana sare icen da malamin daji ya shafa wa fenti.

“Ka riƙe?”

“Yallaɓai, bar min. Tun ba a haihe ka ba nika wanga aiki.”

Kasuwa ta gaba, da rana ta take, kasuwa ta cika maƙil da mutanen ƙauyuka, da fatake, da samarin ramin zinari da suka shigo sayayya, Makau ya matse kalangu a hammata ya fito.

“Jama'a a saurara! Hakimi na gaishe ku! Gwamnati na gaishe ku! Angulu sun dawo! Manya guda biyu, ƙosassu, lahiyayyu, da ƙwai bisa! Irinsu babu Gummi, babu Anka! Ina suke? Madacin gonar Gwadabe! In ka hita gari ka bi hanyar Adabka, ka wuce rijiyar Fulani, hannunka na dama! Icce mai jan fenti, ko makaho ba shi ɓata! Kuma doka ta ce kar a taɓa!”

Wannan na ƙarshen a cikin kiɗa ya faɗe shi, yana juyawa zai shiga layin 'yan koli.

Gwadabe yana bakin tukuba yana gyaɗa kai. A kunnensa shela ta yi kyau, ta fita yadda ake yin ta tun zamanin ubansa, an faɗi kaya, an faɗi wuri. Har ya yanki tsoka mai kyau ya ajiye wa Makau tukuici. Da ya waiga sai ya ga Halilu ya ɗora hannu biyu a ka.

“Lahiya?”

“Gwadabe, mun kashe su.”

“Wa?”

“Ka ji abin da yac ce? Hannunka na dama! Saura shi ce a zo da buhu!”

Sai a lokacin Gwadabe ya sake jin shelar a cikin kansa, ya ji ta da kunnen baƙon da ke da buhu. Tsinken da ke hannunsa ya ƙone bai sani ba.

Kafin la'asar an yi hanya a cikin gonarsa. Maza, mata, masu babura, kowa na son ya gani da idonsa. Tsuntsayen suka tashi suka yi ta shawagi can sama, suka bar ƙwan a buɗe. Halilu ya yi ta korar mutane da hularsa har muryarsa ta dushe. Sai da rana ta yi ja, mutane suka watse, sannan ɗaya ya sauko ya koma ya kwanta.

Shela dai ta yi rabin aikinta. Masu inji suka aiko wa Atine cewa su ba sa taɓa ice mai fenti da aka yi wa kiɗa a kasuwa. Ɗaya rabin kuwa washegari ya iso rumfar Gwadabe, wani baƙo ne sanye da farar shadda, da hausar da ba ta wajen nan ba. Ya sayi tsire, ya yaba yajin, sannan ya ce, “Baba, kai ne mai gonar nan? Ni ba tsuntsun nake so ba, ƙwan kawai. Ai za su sake yin wani.” Gwadabe ya ci gaba da barbaɗa yaji. Mutumin ya jira, ya gaji, ya tafi.

Bayan kwana kaɗan Gwadabe ya je da safe ya ga an kafa manyan ƙusoshi a jikin madacin, ɗaya bisa ɗaya kamar tsani, har kusan rabin gindin. Ko ƙusoshin ne suka ƙare wa mai hawan, ko gari ne ya waye masa, Allah kaɗai ya sani. Angulun tana nan a kwance.

Ya aika aka kira Halilu. Tare suka yi ta zare ƙusoshin da filaya.

“To gwamnati,” in ji Gwadabe, “kun ce wajibinku na. A kawo mai gadi.”

“Daga ina? Ni kaɗai na tun daga nan har bakin gulbi. Mu ukku muke da, ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ya rasu, ba a ɗauki kowa ba.”

“To ka zo ka zamna kai.”

“In na zamna nan wa ka diba sauran ƙasar? Zan rubuta sama.”

“Su zo yaushe?”

Halilu ya zare wata ƙusa ya jefa cikin aljihu.

Abin da suka iya yi a ranar shi ne su hana hawa. Halilu ya ce in aka naɗe gindin da kwanon rufi, santsi ba zai bar ƙafa ta kama ba, ƙusa kuma in ana buga ta a kwano sai an ji ƙararta daga nesa. Gwadabe ba shi da kwano sai na rumfarsa ta kasuwa. Ya koma ya kwance ta da hannunsa, 'yan acaɓa na kallo. Suka naɗe madacin har sama da tsayin mutum biyu, suka jibge sarƙaƙƙiya a gindin.

Da ya dawo gida ya ce wa Tasalla daga gobe a bakin gona zai kafa tukuba, gefen hanya, inda zai riƙa hango icen.

“Maigida, kasuwa mutane ka zuwa su ishe ka. Can wa za ka saida ma? Angulu?”

“Babura na wucewa.”

“Wucewa kac ce. Kuma ka san zamanin da muke ciki, bayan gari ba wurin zama ba na.”

“Kahin magariba ina gida.”

“Rumfar Baba fa?”

“Wurinta na nan. In ɗan ya tashi sai in koma.”

Labarin kwano bai kwana ba ya isa kunnen Atine. Ta yafa mayafi ta zo har gonar, ta tsaya ta riƙe ƙugu tana kallon madacinta yana ƙyalli a rana. Halilu na nan, ya so ya sulale.

“Tsaya nan, Halilu, ɗan kawu, gwamnatin da ba ta da taya! Icce ya samu kwano, ni ban samu ba? Kun hana ni abina, to ku biya ni. Ina dokar tac ce in kwana?”

“Yaya Atine, dokar ba ta yi maganar...”

“Ba ta yi maganata ba. Ta yi ta angulu. To mu tai wurin hakimi shi gaya min wace ta baiwar Allah tsakanina da ita.”

Hakimi ya saurari kowa. Ya tambayi Halilu ko gwamnati na biyan diyyar icen da ta hana sarewa. Halilu ya ce bai taɓa ganin an biya ba, amma zai tambaya. Hakimi ya ce shi ba zai ɗage dokar ƙasa ba, ba kuma zai ce ice ba na Atine ba ne. Ya juya ga Gwadabe.

“Wa yat tai yak kira doka?”

“Ni na, ranka shi daɗe.”

“To kai ka ruhe ɗaki.”

Gwadabe na da giginyu biyu maza a ƙarshen gonar, waɗanda ya daɗe yana tanadi don zauren da yake son ginawa. Ya ce a sare su a fasa azara. Halilu ya yi gyaran murya ya ce, a gafarce shi, ita ma giginya sai da izini. Fada ta kwashe da dariya, har Atine sai da ta rufe baki da mayafi. Halilu ya bayar da izinin a nan take, bayan ya tabbatar babu sheƙar kowa a kansu. Aka yi wa ɗakin rufin ƙasa irin na da. Atine ta koma ciki tana cewa ita kwano aka yi mata alkawari, kuma ta daɗe ba ta amsa gaisuwar ƙanenta da fiye da kalma ɗaya ba. Zaure kuwa ba a sake zancensa ba.

Haka Gwadabe ya koma mai tsiren bakin hanya. Ciniki ya ragu sosai. Ran da ba kasuwa ba wani lokaci sai ya dawo da rabin naman, Tasalla ta karɓa ta ajiye. Karnukan mahauta suka biyo ƙamshi suka tare a gindin madacin, ya riƙa jefa musu ƙashi da gangan, don in ya tafi gida da yamma su ne ke kwana a wurin, kuma ba sa barin ko akuya ta matso. Na angulun kuma ya kafa musu 'yar rumfar kara yana ɗorawa a sama inda kare ba ya kaiwa. Mutumin farar shadda ya sake wucewa sau ɗaya a bayan babur, ya dubi kwano, ya dubi karnuka, ya dubi Gwadabe da wuƙarsa, bai sauka ba.

Makau ma yakan biyo. Har yau bai yarda ya yi kuskure ba.

“An ce in sanar, na sanar. Akwai wanda bai ji ba?”

“Babu,” in ji Gwadabe. “Shi na abin.”

Wata safiya sai ya ga kai na uku a sheƙar, ƙarami, da gashi kamar auduga mai datti. Ya yi ta kallonsa yana girma, yana baƙi, yana takawa a reshe yana buɗe fiffike ya rufe. Zafi ya shigo, rijiyar Fulani ta ja baya, madaci ya sake ganye. Gab da faɗuwar ruwa, yana cikin soke nama a tsinke, ya ji fuka-fuki a bayansa. Ɗan ne ya sauko kan rumfar kara, ya yi saukar da ba ta da kyau ko kaɗan, ya kusa kifawa. Ya ci abin da ya samu, ya yi tsalle biyu, ya tashi ya bi iyayensa yamma.

Ran kasuwa Gwadabe ya shiga gari don ya duba wurin rumfarsa. Ya tarar wani ɗan rundawa mai suna Surajo ya kafa sabuwa a wurin, da sabon kwano, da layin masu saye. Surajo ya gaishe shi da ladabi, ya ce shugaban kasuwa ne ya ba shi da ya ga wurin ya daɗe a kwance, amma in Baba na so a je a yi magana. Gwadabe ya ce zai yi tunani. Ya koma bakin hanya ya hura wuta.

Can Halilu ya iso a bayan ɗan acaɓa. Gwadabe ya gaya masa ɗan ya tashi. Halilu ya yi hamdala, ya ce wannan sai ya sa a rahoto, ya zauna ya zaɓi tsinke.

“To aiki ya ƙare,” in ji Gwadabe. “Gobe in kwance kwanona, in tai in nemi wurina.”

Halilu ya tauna a hankali.

“Akwai abin da sunka gaya muna wurin bita, na manta ban hwaɗa ma ba.”

“Mi?”

“Angulu in ta samu sheƙa ta hidda ɗa lahiya, nan taka dawowa. Ko wace shekara, da anka janye ruwa.”

Gwadabe ya dube shi.

“Kuma ƙasa duk ta san iccen,” in ji Halilu.

“Ka manta.”

“Wallahi na manta.”

“To baɗi gwamnati ta zo ta amshi aikinta.”

“Na rubuta. Zan ƙara rubutawa.”

Gwadabe ya juya tsiren da ke kan wuta, ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga kai ya dubi rumfar buhun da ya kafa a kansa, wadda iska ta riga ta yage gefenta. Ya ce wa Halilu in ya shiga gari ya turo masa magini, wurin nan na son bango da rufi kafin ruwa ya sauka.